Darasi Na Tara: Abin Da Ke Faruwa A Ƙirjin Mai Ciwon Asma

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 262 ne ke fama da ciwon asma, kuma a shekarar kaɗai ya yi sanadin rasuwar kimanin 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a gano ciwon da wuri kuma magani bai wadata ba. Tun da farko ya kamata a sani cewa asma daban take da tarin fuka. Ba a ɗaukarta ta hanyar tari ko cin abinci a kwano ɗaya, sai dai takan bi jini a cikin dangi, sau da yawa tare da yawan atishawa da ƙaiƙayin ido ko na fata.

Iskar da muka shaƙa tana bi ta maƙogwaro ta shiga wani babban bututu a cikin ƙirji. Bututun ya rabu biyu, ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya na hagu, sannan kowanne ya ci gaba da rarrabuwa fiye da sau ashirin, har a kai ga ƙananan hanyoyi waɗanda faɗinsu bai kai milimita ɗaya ba. Kowace hanya tana da tsoka siririya da ta zagaye ta, da fata mai laushi daga ciki, da 'yar majina wadda aikinta kama ƙura. Waɗannan ukun su ne filin da ciwon yake ta'adi.

Mafi yawan asmar da ke farawa tun yarinta tana da abin da ke tayar da ita, wato wani abu da bai cutar da sauran mutane amma jikin mai ciwon ya ƙi jininsa. Babba daga cikinsu shi ne wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu zama a katifa da matashin kai da darduma da labule, suna cin ɓarɓashin fatar mutum. Kashinsu ne ake shaƙa. Suna son danshi, saboda haka sun fi yawa da damina, musamman a ɗakunan da rana ba ta shiga. Akwai kuma kashin kyankyaso da ɓawon jikinsa, da fumfunar da ke fitowa a bango idan ruwan watan Agusta ya jiƙa shi, da ɓarɓashin fatar kyanwa da yawunta, da garin furen ciyawa, da ƙurar hatsi lokacin sussuka da shiƙa ko a wurin injin niƙa.

Ranar da mutum ya fara shaƙar irin wannan abu ba ya jin komai. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne, garkuwar jikinsa ta yi kuskure, ta ɗauki abin a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa wani sinadari na musamman da likitoci ke kira IgE. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Japan, miji da mata, Kimishige da Teruko Ishizaka, ne suka gano shi a Amurka a shekarar 1966. Sinadarin yakan je ya manne a jikin wasu ƙwayoyi da ake kira mast, waɗanda Bajamushe Paul Ehrlich ya bayyana tun 1878, kuma suna jibge a bangon hanyoyin iska, cikinsu cike da sinadarai masu zafi. Sun yi kama da 'yan sintirin unguwa da aka ba su kwatancen ɓarawo ba daidai ba: duk ranar da baƙon nan mara laifi ya sake wucewa, sai su tayar da unguwa gaba ɗaya.

Idan mutum ya sake shaƙar abin, yakan taɓa IgE ɗin da ke manne, nan take ƙwayoyin mast su zubar da abin da ke cikinsu. Cikin mintuna kaɗan sinadarin histamin da wasu da ake kira lukotirin da furostagilandin suna bazuwa a bangon hanyar iska. Tsokar da ta zagaye hanyar takan ɗame, ƙananan jijiyoyin jini su saki ruwa har fatar ciki ta kumbura, majina kuma ta ƙaru ta yi kauri. Lukotirin ya fi histamin ƙarfin matse hanya nesa ba kusa ba, wannan ne ya sa maganin atishawa irin su Piriton, wanda histamin kawai yake tarewa, ba ya buɗe ƙirjin da asma ta shaƙe. Kada kuma a raina 'yar raguwar faɗi, domin a lissafin masana, idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar wucewar iska tana ninkawa har sau 16. Fitar da numfashi ya fi shaƙarsa wuya, tun da hanyoyin suna ƙara tsukewa yayin da ƙirji ke sauka, shi ya sa ake jin fito siriri daga ƙirjin. Wanda ya taɓa ganin yaro a wannan hali zai tuna yadda yake ƙin kwanciya, ya zauna ya dafa gwiwoyinsa, fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa da ta gindin wuyansa tana lotsawa ciki da kowane numfashi.

Wannan tashin na farko yakan lafa cikin sa'a ɗaya ko biyu, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Sinadaran da aka zubar sun riga sun kira wasu fararen ƙwayoyin jini, musamman waɗanda ake kira iyosinofil, kuma su sai bayan kamar sa'o'i huɗu zuwa takwas aikinsu yake bayyana. Idan sun taru, sukan saki abubuwan da ke ƙuje fatar cikin hanyar iska, su ƙara kumburi da majina. Misali, mace ta kakkaɓe katifa da la'asar, ta ɗan yi tari, ta warware, ta dafa abincin dare lafiya lau, amma da tsakar dare ta farka ƙirji a ɗaure. Da wuya ita ko mijinta su danganta abin da katifar, sai a ɗora wa sanyi ko abin da ta ci. Kumburin nan na biyu yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni, kuma yana nan ko da mutum yana jin garau.

Hanyar da ta kumbura ba ta da juriya. Abubuwan da da ba su dame ta ba yanzu suna matse ta: ƙurar hunturu da ke rufe Kaduna daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba, hayaƙin itace a madafa, hayaƙin janareta da na taba, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, mura, har da gudu ko dariya mai ƙarfi. Wasu masu asma kuma asfirin da ibufurofen suna tayar musu da ita, don haka su faɗa wa mai ba da magani halin da suke ciki. Idan aka bar kumburin shekara da shekaru, tsokar takan yi kauri, bangon ya yi tabo, hanyar ta tsuke tsukewar da magani ba ya warware ta duka.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa maganin shaƙa, wato inhela, ya kasu biyu. Na farko shi ne salbutamol, wanda galibi shuɗi ne. Yana sassauta tsoka cikin mintuna, aikinsa ya ɗauki kamar sa'o'i huɗu, amma ba ya taɓa kumburi ko kaɗan. Na biyu, irin su bekulometason da budesonid, shi ne mai kwantar da kumburin, ana shaƙarsa a kai a kai yadda likita ya tsara ko da babu tari, amfaninsa kuma sai bayan kwanaki ko makonni yake bayyana, sannan a kurkure baki bayan kowace shaƙa. Tun 2019 kwamitin masana asma na duniya mai suna GINA ya daina amincewa da a bar manya da matasa a kan shuɗin shi kaɗai. Zancen da ake yi cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita ba shi da tushe. Abin tsoro na gaskiya shi ne ƙwayoyin furedinisolon ko desametason da wasu ke saye a kemis suna sha wata da watanni ba da izinin likita ba, domin suna iya jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi.

A gida, a riƙa shanya katifa da matashi a rana, a wanke zanen gado akai-akai, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓa, a yayyafa ruwa kafin shara, mai ciwon kuma ya fita har ƙura ta kwanta. Gidan sauro ya fi maganin kunnawa, janareta kuwa a nisanta shi da taga.

Idan mai asma ya kasa ƙarasa jimla saboda haki, ko leɓɓansa da farcensa suka sauya launi, ko ya fara magagi, ko shuɗin inhela bai ba shi sauƙi ba, a zaunar da shi kada ya kwanta, a ci gaba da ba shi inhelar, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada a Kaduna. Ƙirjin da ya daina fito alhali mutum yana ta fama alama ce ta cewa iska ta kusa daina wucewa.

Aikin gida na wannan mako shi ne, duk wanda ke da mai asma a gidansa ya ware shafi ɗaya a littafinsa, ya riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, da ƙarfe nawa, da abin da mai ciwon ya yi ko ya shaƙa tun daga safiyar ranar, da sau nawa ya shaƙi shuɗin inhela. A kawo shafin aji mu karanta tare, sannan a tafi da shi wurin likita ranar ganin asibiti.