Yadda ake riƙe ƙungiyar alƙalan wasan sakandare a Amurka ba tare da ta watse a hannunka ba

Duk wasan da 'yan sakandare ke bugawa a Amurka, ƙwallon ƙafa ne ko kwando ko kokawa ko wancan ƙwallon nasu na ture-ture da ake sa hular kwano, masu busa usur ɗin ba ma'aikatan makaranta bane kuma ba na gwamnati bane. Da safe wani malami ne, wani direban babbar mota, wata nas ce a asibiti, da yamma sai su sa rigar alƙalanci su shiga fili a biya su kuɗin wasan ranar. Abin da ya haɗa su shine ƙungiyar yankinsu, wadda su da kansu suke zaɓar shugaba da sakatare da ma'aji, kuma yawanci babu mai albashi a cikin shugabannin. To idan an wayi gari 'yan uwanka rafali sun ɗaga hannu sun ce kai ne shugaba, ga abin da ya kamata ka sani kafin ka fara murna.

Na farko ka gane matsayinka, don kai ne na ƙasa a cikin hawa uku. A sama akwai NFHS, tarayyar hukumomin wasannin sakandare da aka kafa a 1920, hedikwatarta na Indianapolis, ita ke rubuta dokokin yawancin wasannin. Ƙarƙashinta hukumomin jihohi ne guda 51, jiha 50 da birnin Washington, irin su OHSAA a Ohio da CIF a Kalifoniya da UIL a Texas, a yawancin jihohi su ke yi wa alƙali rajista su ba shi jarabawar dokoki duk shekara, a jihohi da yawa har da binciken ko yana da tarihin laifi tunda da yara zai yi aiki. Sannan ku. Ba ku da ikon canja doka ko ɗaya, kuma kar ka ɗauka abin da ake yi a jihar maƙwabta shi ake yi a taku, Texas ma dokokin jami'o'i na NCAA take bi a ƙwallon ture-turen ba na NFHS ba. Saboda haka ka karanta littafin hukumar jiharku tun daga bango har bango, eh yana da gundura, amma rabin gardamar da za'a kawo maka amsarta na ciki.

Sai takardu. Ku yi rajista a jiha a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, ku karɓi lambar haraji daga IRS, hukumar harajin Amurka, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan ma'aji ba komai amanarsa. Idan kuɗin da ke shigo muku a shekara bai wuce dala 50,000 ba fom ɗin haraji da ake cikewa duk shekara ɗan ƙarami ne, 990-N, minti kaɗan a intanet an gama, amma fa in aka yi shekara 3 a jere ba'a cike ba to sassaucin harajin da ƙungiyar ke samu ya tafi kai tsaye. Sa hannun mutum biyu a duk kuɗin da zai fita, ma'aji ya karanta lissafi a kowane mitin, ƙarshen shekara mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su duba. Inshora kuma kar ka yi wasa da ita, ƙasar nan ƙasar kai ƙara kotu ce. NASO, ƙungiyar alƙalan wasa ta ƙasa da Barry Mano ya kafa a 1980, tana ba membobinta inshora idan aka kai su ƙara kan abin da ya faru a fili, wasu jihohin kuma tana cikin kuɗin rajista, ka bincika wanne ne naku, sannan ku shugabanni ku nemi taku daban domin wanda kuka dakatar zai iya maka ku.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda ƙungiya ke rayuwa ko ta mutu shine rabon wasa.

Akwai mutum ɗaya, mai rabon wasa, makarantu na turo masa jadawalinsu shi kuma yana cewa wane ka je nan wance ki je can. Yanzu da manhaja ake yi, ArbiterSports ita ta fi yawa, kowane alƙali zai shiga ya toshe ranakun da ba shi da lokaci ya sa iya nisan da zai iya tuƙi, wasa ya faɗo masa a waya ya karɓa ko ya ƙi. Sai dai manhaja ba ta da son kai, mai danna ta ne ke da shi. Abin kamar layin lodi ne a tashar mota, muddin kowa na ganin ana bin layi za'a yi haƙuri ko da fasinja ya yi ƙaranci, amma ranar da aka ga motar yaron shugaba ta tsallake to daga ranar babu sauran zaman lafiya. Wasannin ba ɗaya suke ba, na babban tim ɗin makaranta daren Juma'a ya fi kuɗi ya fi daraja kuma shi ke kai mutum ga wasannin cin kofin jiha, na ƙananan tim kuwa ranar Talata ƙarfe huɗu da rabi ne a wani fili mai nisa da iska ke kaɗawa. Idan mutum goma ne kullum ke cin na farko, sauran hamsin suna kallo, ba za su yi maka magana ba, rajista kawai za su ƙi sabuntawa.

Ni a ganina shugaba kar ya zama shine mai rabon wasa, ko da kuwa babu wanda ya kai shi iyawa. A raba. Kwamiti ya ɗauki mai rabon a rubuce na shekara ɗaya ko biyu, a faɗi nawa ake biyansa da kuma wa ke biya, kuma wasannin da zai ba kansa wani daban ya duba su. A rubuta matakan alƙalai ƙarara kowa ya gani: me ake buƙata kafin a hau daga ƙananan wasanni zuwa manya, makin jarabawa nawa, mitin nawa ka halarta, sau nawa aka zo aka kalli aikinka a fili aka rubuta. Ƙarshen kaka a fito da lissafi, wane ya samu wasa kaza wane kaza. Wasu tsofaffin za su ce ai tonon asiri ne, to daman asirin me ake rufewa? Kuma kowa ya bayyana makarantar da yake aiki, ko ɗansa ke karatu, ko matarsa ke koyarwa, ko kocinta abokinsa ne na ƙut da ƙut, a toshe masa ita a manhajar. Ba wai zai yi maguɗi bane, bugun fenariti ɗaya ya isa a ce ya yi.

Wani abu da sababbin shugabanni ke mantawa, a yawancin jihohi alƙali ɗan kwangila ne mai zaman kansa, ba ma'aikacin ƙungiya ba. Ma'ana ba zaka tilasta masa karɓar wasa ba, haƙƙinsa ne ya ce a'a. Amma wanda ya karɓa sannan ya mayar ana saura awa biyu, ko ya ƙi zuwa gaba ɗaya ya bar yara da iyaye da motar makaranta suna jira, wannan dole tsarin mulkinku ya faɗi hukuncinsa tun kafin ya faru, tara ce ko cire shi daga wasa na gaba.

Yanzu maganar mutane, don babu su. A 2022 NFHS ta tambayi hukumomin jihohi, lissafin ya nuna kusan alƙalai 50,000 sun ajiye usur tun daga kakar 2018 zuwa 2019, korona ta kori wasu amma ba ita kaɗai ba. Binciken da NASO ta yi a 2017 da na 2023 duk sun nuna matsakaicin shekarun alƙalan ya haura 50 kuma ƙara hawa yake, har ta kai a wurare da dama ana ɗauke wasan daren Juma'a a mayar Alhamis ko Asabar don babu masu busawa. Abin da alƙalan ke ta faɗa kuma shine zagi, kuma ba daga yaran ba, daga manya ne, iyaye da koci. Kowa sai ya ce a nemo sababbi, a je jami'a a kafa tebur, a kira tsofaffin 'yan wasa, a jawo mata, a jawo 'yan Afirka da 'yan Latin Amurka da suka tashi da tamaula a ƙafa. Duk daidai ne a yi. Amma ɗauko sabo ba shine wahalar ba, ya kai shekara ta uku shine.

Ka duba yadda ake yi wa sabo. Ya biya rajistar jiha, ya biya kuɗin ƙungiya, ya sayi riga da wando da takalmi da usur da kati da tuta daga aljihunsa tun bai ga ko sisi ba. Sai a tura shi ƙaramin wasa shi da wani sabon ɗan uwansa, domin ƙwararrun duk suna manyan wasanni. Minti goma da farawa wani uba ya miƙe a bayan waya yana ihu wai makaho ne, koci ya ga fuskar yaro ce ya fara matsa masa a kowace busa, a hutun rabin lokaci yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili da gorar ruwa babu wanda zai ce masa komai. Ya koma mota ya zauna ya lissafa kuɗin mai. Kai ko kai ne ai ba zaka dawo ba. Gyaran ba shi da tsada: kowane sabo a haɗa shi da babba ɗaya da sunansa da lambarsa, wasanninsa na farko tare za su yi, kuma a sa a doka cewa duk mai son manyan wasanni sai ya yi ƙananan guda kaza tare da sababbi a kakar. Babban ya iso da wuri su tsaya a wajen ajiye motoci su yi magana, wa zai tsaya ina, idan koci ya wuce gona da iri wa zai je masa. Bayan wasa abu biyu kawai zai gyara masa ba ashirin ba. Ku yafe wa sabo kuɗin ƙungiya na shekarar farko, ku ajiye akwati na rigunan waɗanda suka yi ritaya.

Mitin kuma don Allah kar ya zama karatun sanarwa na awa biyu. Sanarwa a tura ta waya. Lokacin a kashe shi kan bidiyo, yawancin makarantu suna ɗaukar wasanninsu a Hudl, manhajar bidiyon wasanni, a yanko wuri biyar a kunna a tsayar a tambayi kowa me zai busa, kuma a fara da kuskuren manya kafin na yara. Alƙalan ƙwallon ƙafa musamman waɗanda suka saba da dokokin duniya ko suke da shaidar US Soccer, hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka, a tuna musu nan daban ne: kowane rabin wasa minti 40 ne, agogo na tsayawa, wanda aka ba katin gargaɗi sai ya fita a canja shi tukuna, wasu wuraren ma alƙali biyu ne kowa da usur ɗinsa babu masu tuta. Sannan dokar tsawa, an ji aradu ko an ga walƙiya a tsaya minti 30, in an sake ji lissafi ya koma farko, komai kukan koci. Yaron da ya bugu a ka ya nuna alamar rikicewa a fitar da shi, babu shawara da uba.

Dangantaka da makarantu da daraktan wasanni zaka yi ta, ba da koci ba. Kafin kaka ku zauna ku rubuta: nawa ne kuɗin wasa, akwai na tafiya, yaushe ake biya, idan an soke wasa alƙali na hanya fa, ɗakin canja kaya har da na mata, da kuma wanene jami'in makaranta da zai kasance a fili. Wannan na ƙarshen shine mafi muhimmanci, domin alƙali ba ya jayayya da ɗan kallo, zai tsayar da wasa ya kira jami'in ya ce a fitar da wancan mutumin, in ba'a fitar ba wasa ba zai ci gaba ba. Duk wanda aka kora a fili a rubuta rahoto zuwa hukumar jiha cikin wa'adin da ta sa, a rubuta abin da ya faɗa kalma da kalma ko da ashar ce, banda ra'ayi. Idan har an kai hannu jikin alƙali to 'yan sanda, jihohi sama da 20 suna da doka ta musamman kan haka, kuma kai shugaba ka kira shi a daren, kar ya ji shiru daga gare ku.

Haka nan idan naku ne ya yi laifi, ya zagi yaro ko ya je Facebook yana sharhi kan makarantar da ya yi wa alƙalanci, kar ka yanke hukunci kai kaɗai a waya cikin fushi. A rubuta masa abin da ake tuhumarsa, kwamiti ya saurare shi, ya samu inda zai ɗaukaka ƙara. Kujerar shugabanci ma a sa mata wa'adi, zango biyu ya isa, kuma a ware kujera ɗaya a kwamiti ga wanda bai wuce shekara biyar da fara busa ba.

Idan lokacin sabunta rajista ya wuce, ka sa sakatare ya fito da sunayen duk wanda ya yi aiki bara bai dawo bana ba, ku raba sunayen tsakaninku ku kira su ɗaya bayan ɗaya, kira fa ba saƙo ba. Wani ƙaura ya yi, wani gwiwa ce, wani matarsa ta haihu, waɗannan a ce musu ƙofa a buɗe take. Wanda ya ce zagi ne ko ya ce shekara uku bai ga babban wasa ko ɗaya ba, a rubuta sunan makarantar ko matsalar, a kai mitin ɗin kwamiti na gaba kafin mai rabon wasa ya fara cike jadawalin sabuwar kaka.