Yadda ake raɗa wa sabon fitowar Linux suna

Idan ku matasan Maraɗi kun haɗa naku tsarin Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, don kwamfutocin makaranta ko shagon intanet, lamba kaɗai ba ta zama a baki. Sai da laƙabi, kamar yadda yaro ke da sunan yanka da na kakarsa.

Da farko ku zaɓi rijiyar da ba za ta ƙafe ba. Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, tana ɗebo sunaye daga fim ɗin Toy Story tun Buzz a 1996, har da Bookworm a 2023. Ubuntu kuwa, wani nau'in na Linux, sifa da dabba take haɗawa, masu harafin farko ɗaya, tun Warty Warthog a Oktoban 2004. Da ni ne, itatuwanmu zan ɗauka: Aduwa, Bagaruwa, Cediya, Durumi. Sunayen garuruwa irin Tasawa da Dakoro suna da daɗi, amma wanda aka tsallake garinsa sai ya yi fushi.

Sai ku jera su bisa haruffa, don a gane wanne ya girmi wanne. Ubuntu ta kai Z da Zesty Zapus a 2017, ta komo A.

Mataki na uku shi ne wanda ake raina wa, kuma nan ake tuntuɓe. Laƙabin nan ba ado ba ne kawai, yana shiga adireshin ma'ajiyar manhajoji da fayilolin saiti. Fedora, ita ma nau'in Linux, ta sha wuya a 2013 da laƙabin Schrödinger's Cat, don ɗigo biyun kan harafin ö da alamar (') da ke cikin sunan sun rikita wasu manhajojinta. Mu da ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ya kamata mu fi kowa kula. Ɗorawa itace ce mai albarka, amma Durumi ya fi sauƙi a allon rubutun da ba shi da ƙugiya. Kalma ɗaya, gajera, ƙananan haruffa, ba tazara.

Kafin ku tsayar, ku furta sunan ga Bazabarme da Bafillace, kada ya zama zagi a bakinsu.

Sannan ku sanar da shi tun ranar da aka fara aiki, ku liƙa masa lamba. A Ubuntu 24.04 na nufin Afrilun 2024, don haka ko an manta laƙabinsa Noble Numbat, an san shekarunsa.