Sanyaya kwamfuta da ruwa a zafin Abuja: lissafin da ake yi kafin a sayi ko da tiyo ɗaya

Kafin ka fara zaɓen kaya, nemo ma'aunin zafi ka ajiye a ɗakin da kwamfutar za ta zauna, ka duba shi da ƙarfe uku na rana a watan Maris. Lambar da ka gani ita ce tushen duk lissafin. Ruwa ba ya kashe zafi, dako kawai yake yi: ya ɗauko daga kan CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin hoto mai sarrafa abin da ake gani a allo, ya kai lagireto, fanka ta hura shi cikin iskar ɗaki. Don haka ruwan ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba, ko nawa ka kashe. Ɗakin da babu AC a Kubwa ko Lugbe yakan haura digiri 33 a bazara, yayin da na Rayfield ko Bukuru a Jos yake wajen 25. Gwaje-gwajen da ake gani a intanet kuwa galibi a ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai ake yin su. Wanda ya kwafi jerin kayansu ya kawo Abuja, ya fara da giɓin digiri goma.

Lamba ta biyu ita ce wat, wato yawan wutar da kayan ke ci, wadda ke komawa zafin da ruwa zai kwashe. Ɗauki CPU ɗin Core i9-14900K, wanda Intel ta sa wa iyakar wat 253, da katin RTX 4080 mai wat 320. Wannan kafin a ƙure musu gudu ke nan, wato a sa su gudu fiye da yadda kamfani ya saita su. Idan aka ƙara boltej, zafin ba ya hawa daidai wa daida da ƙarin, yana bin boltej sau boltej ne. Daga bolt 1.25 zuwa 1.35 kaɗai ƙarin kusan kashi 17 cikin ɗari ne, in ka haɗa da ƙarin gudu na kashi 5 sai ya haura 20. CPU ɗin ya koma wajen wat 310. Ɗaga iyakar wutar katin hoto da kashi 10, ya zama 350. Famfon da ke tura ruwan ma yana zuba nasa wat 20 ɗin cikin ruwa. Jimla, wajen 680.

Ƙa'idar da masu haɗa irin wannan suke bi ita ce, kowane gurbin fanka mai milimita 120 a jikin lagireto yana fitar da kimanin wat 100, idan ruwa ya fi iskar ɗaki da digiri goma kuma fankokin na matsakaicin gudu. Lagireto biyu masu 360 gurbi shida ne, ruwan zai tsaya digiri 11 ko 12 sama da ɗaki. A Jos wannan 37 ne, lafiya lau. A Abuja, ɗaki na 34, ruwa na 46. To CPU da ke cin wat 300 yakan fi ruwan da ke ratsa kansa da digiri 45 zuwa 50, saboda zafin daga wani ɗan wuri da bai kai faɗin farcen babban yatsa biyu ba yake fitowa. Haɗa ka gani: kana gab da 100, inda shi 14900K yake rage gudu da kansa don ya tsira. Na AMD kamar Ryzen 9 7950X a 95 yake tsayawa. Lagireto na uku zai rage maka digiri huɗu ne kawai. AC da ya sauko da ɗakin zuwa 25 zai rage tara. In kuɗin abu ɗaya ne a hannunka kuma a Abuja kake, mu dai AC za mu ce ka saya. Ka tuna kuma wat 680 ɗin nan duk cikin ɗakin suke ƙarewa, kamar ka kunna ƙaramar hita ce. A rufaffen ɗaki, bayan awa biyu lambar ma'aunin da ka fara da ita ta tashi.

Mutanen Jos, ku ma akwai ɗan naku. Garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarsa ta fi ta bakin teku rashin kauri da kamar kashi ɗaya cikin goma, fanka tana kwashe zafi kaɗan ƙasa da abin da aka rubuta. Sanyin garin ya biya wannan har da riba.

Kaurin lagireto kan zo milimita 30, 45 ko 60. Mai 30 yana aiki sosai da fanka mai gudu a hankali. Mai 60 sai fanka mai ƙarfin tura iska, in ba haka ba kauri ne kawai babu amfani. Fankoki irin su Arctic P12 da Noctua NF-A12x25 an san su da wannan aiki. Zaɓi lagireto wanda haƙoransa ba su matsu da yawa ba, don ƙurar hunturu tana toshe masu matsattsun haƙora cikin makonni. Sa raga a duk ƙofar shigar iska, kuma fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. Sannan ɗauki tef ka auna akwatin da hannunka. Lagireton sama yakan ci karo da dogayen RAM, na gaba kuma da tsawon katin hoto. Akwati kamar Lian Li O11 Dynamic yana ɗaukar 360 guda uku, amma ba da kowane kauri ba.

Ga wata ɓarna da ake yi cikin daƙiƙa ɗaya: dogon sukurun da aka yi don ya ratsa fanka mai kaurin milimita 25, wanda tsawonsa kusan 30 ne, in ka ɗaura lagireto kai tsaye a jikin akwati da shi, zai huda hanyar ruwa. Gajerun da suka zo cikin kwalin su ne na wannan wuri.

Ƙarfe. Jan ƙarfe, tagulla da nikel suna zaman lafiya a ruwa ɗaya. Alminiyom ba ya shiga cikinsu. Idan ya haɗu da jan ƙarfe a ruwa guda, sun zama kamar batir, alminiyom ɗin ne zai riƙa zagwanyewa, garinsa ya toshe ƙananan tsagogin bulok ɗin CPU, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a kan CPU ruwa na ratsa cikinsa, daga baya ya huje. Lagireto mai arha da ba a faɗi ƙarfensa ba, ɗauka alminiyom ne. Araha ba ta ado.

Bulok ɗin CPU soket yake bi, LGA1700 ko AM5, wannan da sauƙi. Na katin hoto ne ke cin kuɗin mutane. Ba sunan "RTX 4080" yake bi ba, tsarin allon katin yake bi, kuma na ASUS daban, na MSI daban, na Gigabyte daban, har a cikin kamfani ɗaya ma akwai iri-iri. Duba cikakken sunan katinka a jerin dacewa na mai bulok ɗin, ko EKWB ne, ko Alphacool, ko Bykski, kafin ka biya. Ɗan soson zafi da ake liƙawa kan mamori shi ma kaurinsa ƙayyadadde ne, milimita 0.5 ko 1 ko 1.5. Sa mai kauri inda ba wurinsa ba, zai ɗaga bulok ɗin daga kan GPU, wato ƙwaƙwalwar katin hoton, ka ga zafi ya yi tashin gwauron zabi alhali ruwa na gudu lafiya. Kuma kafin ka kwance fankar katin, haɗa kwamfutar gaba ɗaya da sanyayawar iska ka yi aiki da ita kwana biyu. In wani abu ya zo da lahani, nan ne za ka gane, tun garanti bai shiga rigima ba.

Famfo iri biyu ne a kasuwa: D5 da DDC. D5 ya fi girma, ya fi shiru, yana tura har lita 1,500 a awa in babu cikas, kuma ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi. DDC ƙarami ne, ya fi ƙarfin matsi, amma iska ke sanyaya gindinsa, abin da ba a so a zafin Abuja. In akwai wuri, ɗauki D5 mai haɗe da tanki. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: tanki ya kasance sama da famfo yana ba shi ruwa kai tsaye, don ruwan ne man da ke shafe ƙwallon da injin yake juyawa a kai. Ya juya a bushe na ɗan lokaci, ya lalace. Ban da wannan, jerin da ruwa zai bi ba abin ɓata lokaci ba ne. Da gudun lita huɗu a minti, wat 500 ba ya ɗaga zafin ruwa sama da digiri biyu a zagaye ɗaya. Ko CPU ya fara sha ko katin hoto, duk ɗaya. Bi hanyar da ta fi gajarta da sauƙin lanƙwasa.

Tiyo mai tauri ya fi kyau a hoto, amma a gini na farko, a gari mai zafi, ɗauki baƙin tiyon roba na EPDM mai 10/16, wato faɗin ciki milimita 10, na waje 16. Ba ya sakin maiƙo cikin ruwa kamar farin PVC, ba ya kuma karyewa a kwana. Tiyo mai tauri na PETG yana fara laushi idan ruwa ya doshi digiri 60. Ranar da fankoki suka tsaya ba ka sani ba, bakinsa zai lotsa ya zame daga mahaɗi, wato ɗan ƙarfe mai zare da ke riƙe tiyo a jikin kaya. Wanda ya nace sai mai tauri, akirilik ya fi jure zafi, sai dai yana tsagewa in an matsa masa.

Zaren mahaɗai duk iri ɗaya ne, ana ce masa G1/4, amma girman bakin dole ya dace da tiyo daidai: na 10/13 ba zai riƙe 10/16 ba. Kowane abu biyu yake ci. CPU, katin hoto, lagireto biyu da famfo mai tanki, goma ke nan. Ƙara masu kwana 90 da ke juyawa guda huɗu, mai baki uku ɗaya da bawul na zubar da ruwa a wuri mafi ƙasa, murfin toshewa, da ɗan ma'aunin zafin ruwa mai zare. Tiyo mita uku. Sayi ƙarin mahaɗai biyu da zoben roba. CPU da madabod, wato babban allon kwamfuta, za ka samu a Banex da ke Wuse 2, amma kayan ruwa galibi odarsu ake yi daga waje, kuma mahaɗi ɗaya da ya gaza zai ajiye maka kwamfuta makonni. Da hannu ake ɗaure su, ban da filaya. Zoben roba ne ke tare ruwa, ba ƙarfin ɗauri ba, kuma murfin akirilik na bulok yana tsagewa a bakin zare.

Ruwan da za a zuba tataccen ruwa ne da aka dafa aka tara tururinsa. Fiya wata, ruwan gora da na burtsatse duk suna da gishirin ƙasa da zai daskare a cikin bulok. Ruwan batirin inbata yana yi, amma karanta jikin jarkar da kyau, kada a miƙo maka wanda aka gauraya da asid. Haɗa shi da maganin hana tsatsa da gansakuka, irin wanda ake zuba mililita 100 cikin 900 na ruwa. Lita ɗaya da rabi ta ishi yawancin gini. Bar masu kala mai kauri kamar madara. A zafi garinsu yana kwantawa. Sabon lagireto kuma sai an wanke cikinsa, don akwai ragowar dattin walda: zuba tataccen ruwa mai ɗumi zuwa rabi, toshe, girgiza minti ɗaya, juye cikin farin kwano. Za ka ga baƙaƙen ɓarɓashi a ƙasa. Maimaita har ruwan ya fito fes. Tanadi lita biyar don wannan.

Bayan haɗawa, gwajin yoyo. Mafi tsabta shi ne ɗan famfon iska mai agogo: hura zuwa rabin bar, jira minti 15, in allurar ba ta motsa ba ka wuce. In babu shi, cire duk wayoyin wuta daga madabod da katin hoto, bar famfo kaɗai a jikin PSU, akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ka haɗa fil na 16 na babban soket ɗinsa mai fil 24 da fil na ground, wato koriyar waya da baƙa, ko ka yi amfani da ɗan murfin da ake sayarwa don haka. Shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi. Cika tanki, kunna, kashe kafin ya ƙare, sake cikawa, har ruwa ya zagayo. Karkata akwatin gaba da baya don iskar da ta maƙale a lagireto ta fito. Ƙarar tsakuwa a famfo alamar iska ce. Bar shi awa 12 zuwa 24, a kan inbata in wuta ba ta da tabbas, sannan ka duba tishun.

Wayar da ke ba da rahoton gudun famfo, sa ta a gurbin CPU_FAN na madabod, don BIOS, manhajar da ke cikin madabod, ya yi ƙara in famfo ya mutu. Fankoki kuwa ɗora su kan zafin ruwa, ba na CPU ba, wanda ke tsalle duk daƙiƙa. A Abuja, su juya a hankali har ruwa ya kai digiri 36, su kai ƙarshen gudu a 45. A Jos rage biyar daga kowanne. Irin wannan kwamfuta tana jan wat 800 ko fiye daga bango, tana son PSU na 1,000, kuma ƙaramin UPS na 650VA ba zai riƙe ta ko na ƙiftawar ido ba.

Ƙure gudun sai a ƙarshe. Masu Intel na ƙarni na 13 da 14 su fara sabunta BIOS zuwa mai gyaran 0x12B na shekarar 2024 ko wanda ya biyo bayansa, saboda matsalar yawan boltej da ke gajiyar da waɗannan CPU. Ƙara megahaz 100 a lokaci guda, gwada da manhajojin gwaji Cinebench da OCCT na aƙalla minti 30 kana kallon zafi a manhajar HWiNFO, don ruwa yakan ɗauki wannan lokacin kafin zafinsa ya daidaita. Yi gwajin da rana tsaka a bazara. Saitin da ya tsaya daram a daren Disamba yana iya faɗuwa a Afrilu.

A hunturu hure lagireto da bulowa duk mako biyu ko uku, kana riƙe da fankoki kada su juya. Ruwa kuma a canja shi duk shekara, ko da wuri in ya yi duhu ko ka ga tazarar zafin CPU da na ruwa ta ƙaru da digiri biyar a kan yadda take da farko. Wannan yana nufin tsagogin bulok sun fara toshewa, sai a kwance shi a wanke da buroshin haƙori mai laushi.