Kurakuran da ke ɓata wa masu zanen Maradi baje koli tun kafin a buɗe ƙofa

Shekara 14 ke nan ina rataye zane a garin nan, nawa da na wasu, a zauren matasa, a makarantu, da duk ɗakin da aka ba mu aro. Duk shekara sai Allah ya kawo sababbin yara masu hannu mai kyau, kuma duk shekara sai na gan su sun faɗa ramin da muka faɗa. Makon jiya wani yaro daga unguwar Zariya ya iso wurina a bayan kabu-kabu da zanensa 6, an kifa su fuska da fuska, an naɗe da baƙar leda, an ɗaure tamau da roba. Tun bai kwance ba gabana ya faɗi. Na gaji da yi wa mutum ɗaya-ɗaya wannan magana a bakin ƙofa, shi ya sa na zauna in rubuta ta.

Yawancinku kun ɗauka aiki ya ƙare ranar da kuka wanke burushi. Ina! Da sauran aiki: zanen ya isa bango lafiya, a gan shi yadda ya kamata, sannan ya dawo gida lafiya ko kuɗinsa su shigo hannu. A nan muke tafka asara, ba a wajen zanen ba.

Bari in fara da ledar nan, don ita ta fara sa ni kuka da girmana. An gayyace ni baje kolin haɗin gwiwa a Yamai cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara. Zane 9 na shirya, aikin wata 8, duka da fentin akirilik. Na haɗa su biyu-biyu fuska da fuska wai don kada su karce, na naɗe da leda wai don ƙura, yaran mota suka ɗora saman kaya suka rufe da tamfol. Tafiyar ta haura kilomita 600, ta Birnin Konni, Dogon Dutsi, Dosso, rana tana dukan tamfol ɗin tun hantsi. Da muka isa na kwance, sai na tarar sun manne kamar an shafa musu danƙo. Na ja a hankali, na ji wata ƙara "ƙyat-ƙyat" da har yau ban manta ba. Akwai wanda na zana mata suna murza ƙuli-ƙuli. Fuskar babbar cikinsu, wadda na yi kwana 4 ina gyara, ta taso ɗungurungum ta koma jikin ɗayan zanen. Biyar suka lalace ba gyara. Na rataye 4 a bangon da aka ware wa 9, ina tsaye ina jin mutane suna tambayar me ya sa ɗan Maradi ya zo da aiki kaɗan haka.

Abin da ba wanda ya faɗa mini a lokacin shi ne, akirilik dangin roba ne. Yana bushewa a hannu cikin ƙasa da awa guda, sai ka ɗauka ya gama. Amma da zarar ya ji zafi sai ya yi laushi ya kama duk abin da ya taɓa shi: leda, jarida, ɗan'uwansa zane. Ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe kayan lantarki da ita ma ta fi muni, don sai ta bar maka tabon ƙurajenta reras a fuskar aiki. Fentin mai kuwa nasa ciwon daban: samansa ya bushe, cikinsa ɗanye, sai ya yi wata 6 zuwa shekara kafin ya kama jikinsa sosai. Ku kuwa sai ku gama zane daren Laraba, ku ce Asabar za a buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya!

Ga yadda nake yi yanzu, kuma ban ce kowa haka yake yi ba. Ba na fitar da zane daga ɗaki sai ya yi mako 3 da gamawa. Ba abin da ke taɓa fuskarsa, ko ƙyalle. Ina yanka kwali in sa wa kusurwa huɗu hula mai kauri, sannan in ɗora faffaɗan kwali a kan hulunan, ta yadda iska ce kawai tsakanin kwalin da fenti. A tsaye suke tafiya, ba a kwance ba, kuma cikin mota, ba sama ba. Ina biya musu kuɗin kujera kamar mutum, in shiga motar asuba. In ƙyallen ya yi girma dole sai an naɗe, to a cire shi daga katako a naɗe a jikin bututun ruwa mai kauri, fentin yana waje. In ka naɗe fenti a ciki, ranar da ka warware zai tsattsage. Leda sai da damina, ita ma a can waje bayan kwali, kuma da isa a cire. Manyan taruka irin Dak'Art na Dakar, da ake yi duk shekara 2, akwatin katako ake ƙera wa aiki kafin ya hau hanya. Mu ba mu da wannan ƙarfin, amma kwalin firji da na talabijin ba ya wuyar samu a babbar kasuwa.

Ƙananan kurakuran rataya kuwa ba sa bukatar dogon bayani. Kuna kai zane can kusa da rufi, mai kallo yana ɗaga wuya kamar mai neman jinjirin wata. Tsakiyar zane ta tsaya santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, ni zare nake ja daga wannan kusurwa zuwa waccan in bi shi. Kuna cika bango maƙil kamar shagon atamfa. In kun kawo 20, ku rataye 12. Ƙusa ɗaya ba ta riƙe zane ya miƙe, a buga 2. Salatif a jikin takarda haramun ne a wurina, bayan 'yan watanni zai bar rawayan tabo da ba ya fita. Gilashi kada ya kwanta a kan takarda, damina na zuwa hunhuna za ta shiga tsakani. Kada a jingine katako a ƙasa ko na dare ɗaya, gara ba ta jiran gobe. Ƙurar hunturu kuma da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba.

Rana ma ta isa a tsaya a kanta kaɗan. Aikin takarda, fentin ruwa, tawada, rini, duk koɗewa suke in haske ya yi yawa, kuma abin da ya koɗe ya tafi ke nan. Masu kula da gidajen tarihi ba sa wuce ma'aunin haske 50, wanda suke kira lukus, a kan irin wannan aiki, hasken da bai fi na ɗaki da yamma ba. Ka kwatanta da ranar La'asar ta Maradi da ke faɗowa ta tagar yamma. Ni kafin in buga ƙusa ko ɗaya sai na wuni a ɗakin na ga inda rana ke sauka, na yi wa wurin alama da alli.

Yanzu in zo kan wanda ya fi ledar ƙona mini rai, don wannan ba dukiyata kaɗai ya ci ba, har da zumunci. Takarda. Ba ku rubuta komai! Ka karɓi aikin mutum, ka ba da naka, ka sayar, duk da fatar baki, wai ai mun san juna.

Wata shekara na roƙi wani abokina na Damagaram ya ba ni aron zanensa 3. Ya ba ni bisa amana, ko farashi ba mu rubuta ba, ya dai ce babban kada ya gaza jaka 120. Daren buɗewa wani Alhaji, sa'an mahaifina, ya tsaya gaban babban, ya daɗe, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, wannan nawa ne. A sa mini a mota." Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, sai an rufe nan da mako 2, kuma ba nawa ba ne." Ya ce, "Haba ɗana, ni da kai? Ka zo shago za mu daidaita." Jama'a na kallo, kunya ta rufe ni, da hannuna na sauke zanen. Bangon ya kwana 13 da ƙusa tsirara. Wata 7 ina zarya shagon nan. In je a ba ni benci, a ba ni ruwa, a tambayi mutanen gida, a ce Alhaji ya tafi Kano, Alhaji yana Kwatano. Ranar da na same shi ya ce shi bai tuna an yi maganar jaka 120 ba, ya miƙo jaka 30 ya ce in sa albarka. Ba ni da takarda, ba ni da shaida. Sai da na sayar da babur ɗina na cika wa abokina kuɗinsa, kuma duk da haka har yau in na nemi aron aikinsa sai ya kawo uzuri. Ban ga laifinsa ba.

Wace irin kunya ce wannan da ke hana mu rubutu? Mu da muka tashi a garin 'yan kasuwa, inda ko buhun gyaɗa ba ya fita sito sai an shigar a littafi? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma mai zane sai ya ga kamar in ya fito da biro ya zagi babba. Ku daina! Wallahi ku daina. Duk aikin da ya shigo hannuna yanzu, a gaban mai shi nake ɗaukar hotonsa da waya, gaba da baya, mu rubuta suna, girma, farashi, da duk wani karce da ya zo da shi, mu sa hannu mu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Mai zaure ma haka: ranar shiga, ranar fita, wa ke riƙe makulli, wa zai biya in wani abu ya ɓata, nawa ne kasonsa in an yi ciniki. Wanda ya ga zane yana so ya ba da rabi kafin alƙalami, a manna jan ɗigo a gefe, ya zo ya ɗauka ranar rufewa da cikon kuɗi. Kuma tunda na san raunina gaban manya, ba ni nake zama teburin kuɗi ba. Yayata nake sawa. Ita in ta ce "Alhaji, a yi haƙuri, ƙa'ida ce," ba wanda ke ja da ita.

Sai rubutun gefen zane. Kuna cika shi da Faransanci mai nauyi wanda ku kanku kuka kwafo, sannan ku dawo kuna ƙorafi wai mutanenmu ba su gane zanen zamani ba. Wa ya ce? Mutanen da suka san dagi, suka san aska takwas a wuyan babbar riga, suka san zanen ƙwarya da na bangon gidajen Birnin Damagaram, su ne za a ce sai sun ga hoton mutum ko raƙumi kafin su fahimta? Wata tsohuwa mai share mana zaure ta taɓa tsayawa, tsintsiya a hannu, gaban wani zane da ba komai cikinsa sai shuɗi mai duhu da ya taso daga ƙasa yana cinye wasu jajayen murabba'ai. Na ce, "Inna, me kika gani?" Ta ce, "Gulbi ne ya ci gari. Haka babanmu ke ba mu labari, lokacin da ruwa ya tashe su suka hawo tudu." Ambaliyar 1945 take nufi, wadda ta sa aka maido Maradi sama. Mai zanen, da na faɗa masa, shiru ya yi, don abin da ke ransa ke nan, amma takardar da ya manna layi 11 ce ta Faransanci kuma ba kalmar ruwa ko ɗaya a ciki. Ni abin da nake sawa: sunan mai zane, shekara, abin da aka yi aikin da shi, da layi 2 cikin Hausa, in da hali har da ajami, Faransanci a ƙasa. Kuma mai zane ya tsaya kusa da aikinsa. In an tambaye ka "mene ne wannan?" kada ka ɓata rai, tambayar ita ce dalilin buɗe ƙofar.

Ku kuma san garin da kuke ciki. Maradi gari ne na malamai, kuma akwai masu ƙyamar surar mai rai bisa fahimtarsu ta addini. Ni jajibirin buɗewa nakan zagaya da mai zaure da wani dattijon unguwa su ga komai, in da magana a yi ta a lokacin cikin mutunci. Lokacin buɗewa ma a duba: bayan La'asar, a gama jawabi kafin Magariba, kada a sa shi safiyar Litinin ko Juma'a da gari ke kasuwa, kada kuma ya haɗu da makon kokawar takobi, wato gasar kokawar gargajiya ta ƙasa, don ba wanda zai bar rediyo ya zo. A tanadi fitilun caji ko an ɗauke wuta.

Kwafe daga waya kuwa, wannan ina gane shi daga bakin ƙofa: dusar ƙanƙara, dogayen benaye, fuskokin da ba ka taɓa gani a unguwar Bagalam ko Mokoyo ba. Tun 1958 ɗalibai a Zariya ta Najeriya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka tsaya kan cewa za su koyi dabarar Turawa amma su zana da abin gida. In kuma kukanku tsadar fenti ne, El Anatsui na Ghana da marafan kwalabe ya yi ayyukan da manyan gidajen tarihi na duniya ke ratayewa. Mu nan muna da jar ƙasa, da baban rini, da fatar da dukawa ke yarwa, da buhunan da suka gama aiki.

Yaron nan na unguwar Zariya, da muka kwance kayansa a inuwa, 2 sun riga sun kama juna, ɗayan har da sawun robar a gefensa. Huɗu sun tsira. Na hana shi ja, muka bar su a ɗaki mai sanyi har dare, muka raba su kaɗan-kaɗan, duk da haka wani wuri ya taso kamar faɗin tafin hannu. Ya ce zai sake su. Asabar zai dawo da kwali da almakashi in nuna masa yadda ake yanka hular kusurwa.