Idan fom ɗin da ke ƙarƙashin wani shafi ya ƙi aiki a Rails

Kawuna yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma rabin cinikinsa bashi ne. Kowane mai saye yana da shafinsa a littafi, a ƙarƙashin sunansa ana rubuta abin da ya kawo da abin da ya rage. Da na ce zan mayar masa da littafin cikin kwamfuta, Ruby on Rails na ɗauka, wato tsarin gina manhajojin yanar gizo wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004. Shafin mai saye ya fito lafiya lau. Inda aiki ya cije shi ne ɗan fom ɗin da ke ƙasan shafin, wanda ake shigar da sabon biya a ciki. Kwana biyu na yi a kansa, shi ya sa nake so in rage wa wani wahala.

Ka fara da config/routes.rb, fayil ɗin da ke tsara hanyoyin (adireshin) shafuka, kafin ka taɓa komai. Nawa ga shi:

```
resources :customers do
  resources :payments
end
```

Ma'anar wannan ita ce babu wata hanya mai suna /payments ita kaɗai. Kowane biya yana rataye da mai shi, kamar /customers/7/payments. Ka buga `bin/rails routes -c payments` ka karanta abin da ya fito da idonka. Za ka ga sunayen hanyoyin duk suna ɗauke da customer: customer_payments, new_customer_payment, customer_payment. Yawancin matsalolin da ke tafe daga mance wannan suke fitowa.

Ni abin da na fara rubutawa shi ne `form_with model: @payment`, nan take jan shafin kuskure na Rails ya tare ni yana cewa bai san payments_path ba. Gaskiyarsa ce, babu ita. Rails yana ƙago sunan hanya ne daga abin da ka miƙa masa, don haka sai ka ba shi uba da ɗa tare, uban a gaba:

```
form_with model: [@customer, @payment]
```

Kuma tunda shafin mai saye ne ke nuna fom ɗin, a cikin show na CustomersController za ka tanadi @payment. Idan an danna maɓallin aikawa, sai saƙon ya tafi create na PaymentsController, kuma a can lambar mai saye tana zuwa ne da sunan `params[:customer_id]`. Wanda ya rubuta `params[:id]` don sabo, Rails zai ce masa bai samu Customer ba.

Wadda ta fi cin mini lokaci ita ce ta layin da babu kowa a cikinsa. Na rubuta `@payment = @customer.payments.build` a cikin show, domin haka ya fi kama da daidai. Sai jerin biyan kowane mai saye ya riƙa fitowa da ƙarin layi ɗaya a ƙarshe, babu kuɗi, babu kwanan wata. Da na ƙara maɓallin gogewa a kowane layi, shafin gaba ɗaya ya faɗi da saƙon missing required keys: [:id]. Na koma rumbun bayanai na ƙirga, biya uku ne, amma allo yana neman nuna huɗu. Dalili kuwa, build ba ya tsayawa kan ƙirƙirar sabon abu, yana cusa shi cikin jerin @customer.payments da ke cikin ƙwaƙwalwa tun kafin a adana shi. Abin da ba a adana ba ba shi da lamba, kuma ba a gina hanyar gogewa sai da lamba.

Maganin farko, a cikin show ka rubuta `@payment = Payment.new`, ka bar build sai a create. Amma kada ka tsaya nan. Idan adanawa ta gaza a create, misali an bar wurin kuɗi fayau, ka sake nuna customers/show, wannan biyan da aka gina yana nan cikin jerin, kuma matsalar za ta dawo. Shi ya sa nake tace jerin a shafin kansa da `@customer.payments.select(&:persisted?)`, wato waɗanda aka adana kawai. A ganina wannan ya fi dabarar sauya wa fom wuri a shafi, domin ranar da wani ya gyara tsarin shafin, dabarar ta rushe.

Akwai kuma lalacewar da ba ta kawo jan shafi. Ka danna, shiru. A nan log/development.log ne abokinka. Ka nemi layin da ya fara da Started POST, ka duba Parameters a ƙarƙashinsa. Idan ka ga Unpermitted parameter, to sunan filin bai shiga cikin permit ba, wato jerin filayen da ka yarda controller ya karɓa, kuma Rails ya watsar da shi. Idan kuwa komai ya iso amma saƙon kuskure bai bayyana a allo ba, ka tuna tun Rails 7, wanda ya fito a Disamban 2021, Turbo, wata manhajar JavaScript da ke zuwa tare da shi, ne ke aika fom, kuma yana jiran lamba 422 kafin ya nuna shafin da ya dawo da kuskure:

```
render "customers/show", status: :unprocessable_entity
```

Turbo ɗin nan ne ma ya sa tsohon `link_to` mai `method: :delete` ya daina gogewa, sai ka ga GET a log maimakon DELETE. Ka yi amfani da `button_to` kawai, ka ba shi `[@customer, payment]` tare da `method: :delete`.

Wata shawara ga mai son sa wa abubuwansa sunayen Hausa, kuma ina goyon bayan hakan: Rails da ƙa'idar Turanci yake yin jam'i, zai mayar da Bashi ya zama bashis. Tun ranar farko ka buɗe config/initializers/inflections.rb ka koya masa `inflect.irregular "bashi", "basussuka"`, kafin ka ƙirƙiri tebur ko hanya.

Ranar da na kai wa Kawu, bai fara da shigar da kuɗi ba. Ya buɗe shafin wani mai saye, ya bar wurin kuɗin babu komai, ya danna. Saƙo ya fito a saman fom ɗin cewa sai an rubuta adadi, biya ukun da ke sama kuma suna nan yadda suke. Sannan ya jawo littafin ya ce in fara karanto masa daga shafin farko.