Yadda za ka gwada tasirin iskar da ke ƙarƙashin fatar ganga

Na daɗe ina ɗauka ɗaurin fata kaɗai ke sa muryar ganga ta yi siriri ko kauri. Ashe iskar da ke kulle a cikinta ma tana da ta cewa. Ga gwajin da ya nuna mini haka.

Ka samo gwangwani babba ka cire masa murfi da gindi, ya zama kamar bututu. Sai balan-balan, zare mai ƙarfi, ƙusa, fensir da bokitin ruwa. Ka huda ɗan rami ɗaya a jikin gwangwanin, kusa da bakinsa na sama. Ka yanke wuyan balan-balan ɗin, ka shimfiɗa shi a bakin, ka ɗaure tamau. Daga nan kada ka sake taɓa ɗaurin. A karon farko ni na riƙa kwancewa ina zuba ruwa ina mayarwa, kowane ɗauri da irin muryarsa, na ɓata yamma guda ban gane komai ba.

Toshe ramin da yatsa, riƙe gwangwanin a sama, ka ɗan buga tsakiyar robar da gindin fensir. Ka riƙe muryar a kunne, ko ka auna ta da manhajar waya mai nuna yawan kaɗawa a daƙiƙa. Yanzu ɗaga yatsan, ka tsoma gindin gwangwanin cikin ruwa kaɗan, ka mayar da yatsan, ka sake bugawa. Muryar za ta hau.

Dalili kuwa, ruwan ya rufe wa iska hanya. Duk lokacin da robar ta lotsa ciki, sai ta matse iskar, iskar kuma ta turo ta waje kamar sifirin. Robar ta samu mai taya ta komawa, don haka take kaɗawa da sauri.

Sai ka ƙara nutsa gwangwanin har ruwa ya cinye rabin cikinsa. A nan ramin nan yake da amfani: ka bar shi a buɗe lokacin da kake nutsawa, sai ka tsaya sannan ka toshe. In ka manta, iskar za ta kumbura robar ta yi tozo, ɗaurinta ya ƙaru, ka rasa wanne ne ya canza muryar. Idan iskar ta ragu da rabi, taurinta ya ninka biyu, abin da ke bin dokar da Robert Boyle ya bayyana a 1662. Amma muryar ba za ta ninka ba. Iyakar abin da za ta iya hawa shi ne ninki 1.4, kuma yawanci ba ta kaiwa nan, tunda ɗaurin robar bai canza ba.

Wurin da ya fi burge ni shi ne bugun gefe. Ka maimaita komai, amma ka riƙa buga kusa da bakin gwangwanin. Za ka ji wata murya a sama da ta farko, wadda nutsawar ba ta cika damunta ba. A wannan kaɗawar, rabin robar na sauka ne yayin da ɗaya rabin ke tashi, iskar kuma sai dai ta gusa daga wannan gefe zuwa wancan, babu mai matse ta sosai. Wannan murya ce masu kaɗa timpani, wato manyan gangunan Turawa masu kama da tukunya, suke nema, shi ya sa ba sa bugun tsakiya, inda sauti ke fitowa a dakushe ya mutu nan take.

In ka sa siririn faranti na ƙarfe a madadin robar, da kyar za ka ji bambanci. Taurin ƙarfen ya fi na iskar nesa ba kusa ba.

Kana da irin wannan gwangwani a kanka. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da siririyar hanya da ta haɗa shi da maƙogwaro. Idan jirgin sama na sauka, iskar waje ta fi ta ciki ƙarfi, dodon kunne ya lotsa ya yi tauri, ji ya dakushe. Haɗiyar yawu ita ce ɗaga yatsa daga ramin.