Yadda Ake Kwance Tsohon Dandamalin Haƙar Mai a Teku

Tun kafin rijiyoyi su ƙafe ya kamata kamfani ya miƙa wa hukuma tsarin kwance dandamalinsa, ya kuma nuna inda kuɗin aikin zai fito. A Najeriya, dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta wajabta ware asusu na musamman domin haka, kuma hakan ya dace, domin aikin yakan zo ne lokacin da rijiyar ta daina kawo ko sisi.

Da zarar an amince, sai a fara da toshe rijiyoyin, wanda shi ne ya fi cin kuɗi. Ana zaro bututun da mai ke bi, a ɗura siminti a wurare daban-daban cikin ramin, musamman daidai inda dutsen yake da tauri ba ya yoyo, sannan a matsa kowane toshi da ƙarfi a tabbatar ya riƙe. Duk wanda ya yi ha'inci a nan ya bar baya da ƙura, saboda gas zai nemi hanyar fita ko bayan shekaru ne.

Daga nan a wanke tankoki da bututu, a tattara dattin a kai tudu, domin ɓawon da ke manne a cikinsu yakan ƙunshi guba irin su zaiba.

Saman dandamalin kuwa, ko dai a yanka shi gunduwa-gunduwa, ko a ɗauke shi ɗungurungum. A 2017 jirgin Pioneering Spirit ya ɗaga saman wani dandamali mai suna Brent Delta, mai nauyin kusan tan 24,000, a ɗauka ɗaya daga Tekun Arewa da ke gabashin Birtaniya, aka kai shi Hartlepool a Ingila aka wargaza.

Ƙafafun ƙarfen ana datse su ne ƙasa da doron ƙasan teku, da waya mai lu'ulu'u ko da ruwa mai tsananin ƙarfi gauraye da yashi, don kada su kama komar masunta. Sai dai a duba dokar yankin tukuna. Bayan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta tilasta wa kamfanin mai na Shell fasa nutsar da Brent Spar, wata tsohuwar ma'ajiyar mai da ke kan teku, a 1995, yarjejeniyar OSPAR, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla don kare teku, ta haramta barin dandamali a Tekun Arewa daga 1998, ban da wasu manya na kankare da gindin na ƙarfe da suka haura tan 10,000, waɗanda ake nema wa izini na musamman. A gaɓar Amurka ta Tekun Meksiko kuwa, ana yarda a bar wasu ƙafafun su zama matattarar kifi.

Bayan an kwashe komai, a binciki ƙasan tekun da na'ura, a tsince tarkacen da ya faɗa, a ci gaba da auna ruwan wurin kamar yadda hukuma ta gindaya.